Tambayoyin Tarihi: Rum, Da Amurka, Da Ƙasar Haɗejiya

Duk wanda ya taɓa zama jarrabawar tarihi ya san waɗansu tambayoyi uku da ba su cika ɓacewa daga takarda ba. Ɗaya ta kan ce a faɗi yadda Rumawa suka faɗaɗa mulkinsu. Ɗaya ta ce a kawo dalilan da suka sa mutanen Amurka suka ɓalle daga Ingila. Ta uku kuwa ta ce a bayyana irin tsarin mulkin da suka shirya wa kansu bayan sun ɓalle. Abin da yawancinmu mu kan yi shi ne mu haddace shekaru da sunayen fagagen yaƙi, mu juye su bisa takarda kamar mai juye gero cikin buhu, malami ya duba ya ba mu rabin maki don tausayi.

To, a ganina tambayoyin nan uku tambaya ɗaya ce ta ke sake riga. Cin ƙasa da yaƙi kowane sarki mai yawan dawaki ya iya. Abin bincike shi ne, in mayaƙa sun koma gida, me ke riƙe ƙasar nan mai nisa har ta ci gaba da bi? Ran da kuwa ta ce ba ta bi, me babban birni ke iya yi mata? Ba sai an haye teku za a ga misalin wannan ba. Mutumin da ya tsaya a Malam Madori, cikin ƙasar Haɗejiya, yana tsaye ne bisa ƙasar da dauloli uku suka riƙe bi da bi, watau Barno, da Sakkwato, da Ingila, ba kuwa wadda babban birninta ke kusa. Bari mu fara gwada tambayar nan gida, kana mu ga ko ta ƙetare za ta yi mana sauƙi.

Me ya jawo idon sarakuna ga ƙasar Haɗejiya?

Amsa tana ga kogi. Ruwan Kogin Kano da na Challawa su ke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, ya miƙa gabas maso arewa, ya bi ta ƙasa shimfiɗaɗɗiya wadda ba ta da gangare sosai. Saboda haka in damina ta yi nisa, wajen watan Agusta da Satumba, sai ya ƙi tsayawa cikin kwarinsa, ya fantsama cikin fadamu. Can gaba ya gamu da ruwan Kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe, su nufi Tabkin Cadi. Inda ruwan nan ya kwanta a kan sami shinkafa, da kifi, da ɗanyar ciyawa a lokacin da sauran ƙasa ta bushe ƙayau. Manomi na so, masunci na so, Bafillace mai shanu ya fi kowa so. Inda waɗannan suka taru kuwa, can mai karɓar haraji ya ke sauka. Ban da wannan, ƙasar tana bisa hanyar fatake masu kai da kawowa tsakanin Kano da Barno.

Kafin jihadi ba wata ƙasa guda da a ke kira ƙasar Haɗejiya. Ƙananan sarautu ne guda bakwai: Auyo, da Haɗejiya, da Garun Gabas, da Gatarwa, da Kazura, da Fagi, da Dawa. Garun Gabas ɗin nan, wadda ke cikin yankin Malam Madori, ita ce a ke cewa Biram ta Hausa Bakwai, inda labari ya ce Bayajida ya bar matarsa, 'yar Sarkin Barno, ta haifi ɗa. Ko mutum ya ɗauki wannan hikaya ce, ta dai nuna inda mutanen dā su ke ganin asalin zumuncinsu ya fuskanta, watau gabas. Sarakunan nan duka Barno su ke bi, ta hannun Galadima wanda ke zaune a Nguru.

Bin kuwa mai sauƙi ne. Mai na Barno yana can Birnin Ngazargamu. Sarki ya karɓi sarautarsa daga hannun Galadima, ya riƙa aika gaisuwa, shi ke nan, sauran al'amuran garinsa nasa ne. Irin wannan riƙo ba shi da tsada, amma ƙarfinsa duk ya dogara ga kwarjinin mai riƙon. Da kwarjinin nan ya ragu a farkon ƙarni na 19, har masu jihadi suka shiga Ngazargamu kanta cikin 1808, ba abin da ya rage wanda zai riƙe yammacin daular.

Rumawa ba haka suka yi nasu riƙon ba, shi ya sa a ke yawan tambayarmu labarinsu. Rum gari ne guda a bakin kogi cikin ƙasar Italiya. Bisa ga lissafinsu an kafa shi shekara 753 kafin haihuwar Annabi Isa, suka kori sarakunansu cikin 509, suka koma zaɓen shugabanni biyu kowace shekara, tare da majalisar dattawa mai ba da shawara. Da suka fara cin garuruwan Italiya, babban abin da su ke nema ga garin da aka ci ba kuɗi ba ne, samari ne na yaƙi. Ku duba wayon da ke ciki. Garin da aka ci bana, 'ya'yansa za su tafi cin na gaba baɗi, a raba ganima da su. Kowace nasara ita ke haifar rundunar da za ta kawo ta bayanta. Sa'an nan su kan tsaga hanya shimfiɗaɗɗiya da duwatsu daga Rum zuwa sabuwar ƙasa, irin wadda suka fara ginawa zuwa kudu cikin 312, su kuma yanka wa mutanensu gonaki can, su kafa gari.

Hanibal, sarkin yaƙin Kartaj, wani babban birni da ke kusa da inda Tunis ta ke yanzu, shi ya gwada ƙarfin wannan ɗauri. Ya haye duwatsu ya shiga Italiya, ya karkashe rundunar Rumawa a Kanne cikin 216, yana tsammanin mabiya za su watse. Waɗansu na kudu suka juya, amma yawancin na tsakiyar ƙasa suka tsaya. Rum ta yi sabuwar runduna, ƙarshe ita ta rushe Kartaj cikin 146.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne tawayen da mabiyan Italiya suka yi cikin shekara ta 91. Tushen faɗan shi ne sun gaji da zub da jini dominta alhali ba a ɗauke su 'yan ƙasa ba. Aka gwabza, daga bisani Rum ta ba su abin da su ke nema. Ƙofar nan ta yi ta buɗewa har shekara ta 212 bayan haihuwar Annabi Isa, sa'ad da Sarki Karakalla ya mai da kusan kowane ɗa a cikin daula ɗan ƙasar Rum. Uban Karakalla ma, Sarki Saberus, haifaffen Afirka ne, daga wani gari na bakin teku cikin ƙasar Libiya ta yau. Amma fa faɗin nan ya ci tsarin da ya haife shi. Majalisar da aka yi don gari guda ba ta iya tsawata wa sarkin yaƙi mai dubban sojoji a ƙasa mai nisa ba, har Agustas ya tattara iko duka a hannunsa shekara 27 kafin haihuwar Annabi Isa. Mai amsa tambayar Rum in bai faɗi wannan ba, rabin amsa ya kawo.

Don me mutanen Amurka suka ɓalle?

A nan sai mu tuna da riƙon Barno, don ya fi kama da abin da Ingila ta yi da fari. Turawan Ingila sun kafa garinsu na farko mai ɗorewa a Jemstaun, cikin ƙasar Barjiniya, a 1607. Waɗansu masu gudun tsanani cikin al'amarin addini suka sauka arewa da nan a 1620. A hankali har suka zama yankuna 13 a jere bisa gaɓar teku, bisa ƙasar da suka tarar da masu ita. Kowane yanki yana da majalisarsa, ta Barjiniya ma tun 1619 ta fara zama, kuma majalisun nan su ke aza wa mutanensu haraji. Sarkin Ingila yana da gwamna a yawancinsu, yana da dokokin ciniki, amma jirgin ruwa ya kan yi mako shida ko fiye bisa hanya. Kafin a aika tambaya Landan amsa ta komo, wata uku ya wuce. Shekara ɗari da hamsin mutanen nan suna koyon gudanar da al'amuransu da kansu.

Abin da ya riƙe su shi ne tsoron Faransa, wadda ke riƙe da Kanada a bayansu. Aka yi babban yaƙi, ya ƙare a 1763, Ingila ta kori Faransa daga can, amma ta fito da bashi ya yi mata katutu. Sai Majalisar Landan ta ce mutanen Amurka su ɗauki nasu rabon, ta aza harajin hatimi bisa takardu cikin 1765. Su kuwa suka ce majalisar da ba su da wakili ciki ba ta da ikon sa hannu cikin aljihunsu. Ku lura da lokacin da Ingila ta zaɓa don ta ƙara ɗaure igiya: daidai sa'ad da abin tsoron da ya sa a ke bukatarta ya kau. Mutanen Boston suka zubar da ganyen shayi cikin teku a 1773, yaƙi ya tashi a 1775, suka yi shelar 'yanci ran 4 ga Yuli, 1776. Faransa ta sami hanyar ramuwa, ta taimake su da jirage da sojoji, rundunar Ingila ta miƙa wuya a Yoktaun cikin 1781, aka yi sulhu a 1783.

Nan wahalarsu ta soma, nan kuma yawancinmu mu ke rufe littafi. Jihohin nan 13 sun ƙulla wata yarjejeniya ta zama tare, wadda ta fara aiki a 1781. Da ya ke sun sha wuya a hannun mai iko na nesa, sai suka yi majalisar tarayya marar haƙora. Ba ta da ikon aza haraji, sai dai ta roƙi jihohi, wadda ta ga dama ta aiko. Ba ta da shugaba mai zartaswa. Ba a gyara yarjejeniyar sai duka 13 sun yarda. Sojojin da suka yi yaƙin 'yanci suka yi ta bin bashin albashinsu. Ku riƙe siffar majalisar nan a zuci, mu koma gida mu ga wata daula wadda ita ma ba ta ajiye runduna tata cikin ƙasashen da ke binta ba.

Yaya Sakkwato ta riƙe Haɗejiya?

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu cikin 1804. Bai aiko da runduna daga Gobir ta ci ƙasashen gabas ba. Tuta ya bayar, mutanen kowace ƙasa suka yi yaƙin ƙasarsu. A nan Umaru, Sarkin Fulanin Haɗejiya, shi ya yi mubaya'a aka ba shi tuta. Bayansa ƙanensa Sambo ya hau wajen 1808, ya zauna birnin Haɗejiya, ya haɗa ƙananan sarautun nan suka zama ƙasa guda. Watau tun daga tushe, takobin da ya ci ƙasar na 'yan ƙasar ne. Abin da ya zo daga Sakkwato shi ne izini.

Kada kuwa wani ya rena izinin nan. Shi ya bambanta Sarkin Musulmi da Mai na Barno, ya kuma bambanta shi da majalisar Amurka ta farko. Sarki ya yi mubaya'a, wadda alkawari ce ta addini. Shari'ar da alƙalin Haɗejiya ke hukunci da ita, ita ce ta Kano da Bauci da Adamawa, littattafan ɗaya ne, malamin da ya yi karatu a wannan gari ya iya zama a wancan. In sarki ya rasu, masu zaɓe su zaɓa, amma sai Sakkwato ta tabbatar. Kowace shekara a kan aika gaisuwa ta tufafi da dawaki da bayi. Wazirin Sakkwato shi ke lura da ƙasashen gabas, ya rubuta wasiƙu, ya zagayo rangadi, ya sasanta rigingimu. Da waɗannan aka riƙe ƙasa mai faɗin tafiyar watanni har kusan shekara ɗari, ba tare da an girke sojan Sakkwato a ƙofar kowane gari ba. Ni dai ina ganin wannan ya isa a jera shi da dabarun Rumawa cikin kowace takardar jarrabawa.

Amma akwai rami ɗaya. In sarki ya ƙi, Sarkin Musulmi ba shi da hannun da zai kama shi sai na maƙwabtansa. Haɗejiya kuwa ta fi mil 300 daga Sakkwato, Kukawa ta Shehun Barno ma ta fi kusa da ita. Gumel, da ke nan gefe, Barno ta ke bi. Mai tawaye a irin wannan wuri yana da inda zai jingina.

Buhari ɗan Sambo ya hau gadon Haɗejiya cikin 1848, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ba da daɗewa ba ya sa aka kashe Sarkin Auyo, ɗan'uwansa, wanda ya ke ganin abokin takara ne. Wannan laifi ne da Sakkwato ba ta iya kau da kai gare shi, gama in sarki na iya kashe babban basarake ba shari'a, to, mubaya'a ta zama maganar baka. Waziri Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo ya zo Katagum, ya kira shi. Buhari bai miƙa wuya ba. Aka tuɓe shi, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu cikin 1850. Har zuwa nan tsari ya yi aikinsa sarai: an yi laifi, an yi hukunci, an zartas.

Sai dai Waziri baƙo ne, dole ya koma gida, rundunar da ya zo da ita kuma ta aro ce. Buhari ya ja jiki wajen ƙasar Barno, ya tara mayaƙa, ya sami taimako daga can. Bature matafiyi Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya bi ta Gumel a farkon 1851 zai tafi Kukawa, ya rubuta labarin shirin nan cikin littafinsa. Cikin shekarar nan Buhari ya komo ya ƙwace birni, Ahmadu ya rasa sarauta, ya rasa ransa.

Sarkin Musulmi ya sa aka tara babbar runduna daga ƙasashe da dama, Kano da Katagum da sauransu, Galadiman Kano Abdullahi yana cikin manyanta, shi ne wanda daga baya ya zama Sarkin Kano. Aka gamu a Kaffur, kusa da Haɗejiya, wajen 1853. Buhari ya fatattake su. Wannan shi ne Gamon Kaffur da har yanzu a ke ba da labarinsa. Ba wuya a gane dalili. Runduna ce ta sarakuna da yawa, kowa da tutarsa, kowa hankalinsa na ga iyakar ƙasarsa da gonakin mutanensa. Ga shi kuma yaƙin dawaki sana'ar rani ce, ƙasar fadama kuwa ba ta karɓar baƙon doki in ruwa ya sauka. Wanda ke gida ya iya jira, wanda ya zo daga nesa bai iya ba.

Daga nan Buhari ya yi shekara goma ba mai tanƙwasa shi. Ya ci Marma, ya addabi gabashin Kano da ƙasar Katagum da hare-hare. Mutanen Haɗejiya suna tunawa da shi jarumi ne wanda ya ɗaukaka sunan garinsu, zuriyar ƙauyukan da ya kwashe kuwa da wata fuska su ke tunawa da shi, duka biyu kuma gaskiya ce. Ya rasu cikin 1863 wajen yaƙi da Badawa a Gogaram. To, ga abin da ya kamata mai nazari ya tsaya a kai: bayan rasuwarsa Haɗejiya ta koma bin Sakkwato, ba tare da an ci ta da yaƙi ba. Magadansa sun ga sarautar da Sarkin Musulmi bai sa mata albarka ba, kullum a bakin takobi ta ke kwana. Rundunar Sakkwato ta kasa, amma izininta bai rasa daraja ba.

Mutanen Amurka fa, yaya suka toshe nasu ramin? Wakilansu suka taru a Filadalfiya cikin 1787, suka rubuta sabon tsarin mulki. Muhimmin abin da suka sake shi ne, gwamnatin tarayya ta daina roƙon jihohi, ta sami ikon aza haraji bisa mutane kai tsaye, da ikon ajiye soja, da kotuna nata. Don kada kuma ta zama irin abin da suka gudo, sai suka raba ikonta uku: majalisa mai yin doka, shugaba mai zartaswa, alƙalai masu hukunci, kowane yana iya taka wa ɗan'uwansa burki. Manyan jihohi da ƙanana suka yi ta ja-in-ja bisa wakilci, aka raba gardama da majalisa biyu. A ta wakilai yawan jama'a a ke bi, a ta dattawa kowace jiha mutum biyu, komi ƙanƙantarta. Joji Washinton ya zama shugaba na farko a 1789. Cikin 1794 manoman yammacin Fensilbeniya suka ƙi biyan harajin barasa, suka kori masu karɓa. Washinton ya kira mutum wajen 13,000 ya tasam musu, tawaye ya watse ba a yi wani yaƙi ba. Ku gwada wannan da Kaffur.

Wajen faɗaɗa ƙasa kuwa sun ɗauki hanyar Rum, har sun wuce ta. Wata doka ta 1787 ta ce sabon yanki in 'ya'yan da ke cikinsa sun kai 60,000, ya iya zama jiha daidai da tsofaffin. Cikin 1803, shekara guda kafin hijirar Shehu, suka sayi ƙasar Luwiziyana daga Faransa bisa dala miliyan 15, ƙasarsu ta kusa ninkawa. Amma kada daɗin tsarin ya rufe mana ido. Ƙofar nan ba kowa aka buɗe wa ba. Mutanen ƙasar na asali korarsu aka yi ta yi, har aka yi doka cikin 1830 ta kwashe kabilun gabas a kai su hayin Kogin Misisipi. Baƙaƙen bayi kuwa, waɗanda aka fara saukewa Barjiniya tun 1619, tsarin mulkin ya ce wajen ƙidayar wakilci a lissafa kowane biyar a matsayin uku, ƙuri'ar kuma ta iyayengijinsu ce. Dauloli ukun nan duka, Rum da Sakkwato da Amurka, guminsu da yawa na bayi ne, kuma mai amsa tambaya ya faɗi haka a fili.

Bautar nan ita ta kawo wa Amurka tata ranar ƙi. A 1860 bayi sun kusa miliyan 4. Da aka zaɓi Linkon, wanda ba ya son bauta ta bazu cikin sababbin yankuna, sai Karolina ta Kudu ta ce ta fita, waɗansu suka bi ta, har suka zama jihohi 11. Aka yi yaƙi daga 1861 zuwa 1865, watau shekarar da Buhari ya faɗi a Gogaram ana tsakiyarsa. Mutum fiye da 600,000 suka hallaka, tarayya ta yi nasara, aka hana bauta. Kada dai a ce tawayen biyu iri ɗaya ne. Buhari gadon ubansa ya ke faɗa a kai, bai kawo wata sabuwar shari'a ba, shi ya sa rigimarsa ta mutu tare da shi. Ta Amurka kuwa gardama ce bisa abin da ƙasar za ta zama, ba mutuwar mutum guda da za ta kashe ta.

Saura daula ta uku. Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato cikin 1903. Haɗejiya ba ta sakankance da su ba, har cikin Afrilu 1906 aka aiko da runduna daga Kano da manyan bindigogi. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka yi yaƙi cikin birni, ya rasu tare da manyan mutanensa da yawa. Garun da ya gagari rundunar sarakuna bai yi yini guda gaban igwa ba. Bayan haka Turawa suka bar sarauta a gidanta, suka karɓe abubuwan nan da muka gani a hannun Sakkwato, watau naɗi da tuɓewa da rabon haraji, suka sa ƙasar cikin Lardin Kano. Abin da suka ƙara shi ne maganin nisa. Hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta isa Nguru wajen 1930, ba ta shiga birnin Haɗejiya ba, ta bi ta Malam Madori, garin ya bunƙasa da cinikin gyaɗa da zuwan baƙi. Aikin da hanyar duwatsu ta yi wa Rum, shi dogo ya yi wa Ingila: kaya su fita da sauri, umurni ya shigo da sauri. Duk da haka mulkinsu a nan shekara 54 ya yi, bai kai na Sakkwato ba.

Tsarin Filadalfiya ma ya biyo mu har gida. Nijeriya ta zama tarayya a 1954, cikin 1979 kuma ta ɗauki tsarin shugaba mai zartaswa da majalisa biyu irin na Amurka. Bisa ga tsarin mulkin 1999 kowace jiha tana da mutum uku a Majalisar Dattawa, har da Jigawa wadda aka yanke daga Kano a 1991, Malam Madori kuwa ƙaramar hukuma ce cikinta.

Ga tambaya ɗaya ga masu shirin jarrabawa, a kawo amsa ga malamin tarihi. Gumel da Haɗejiya maƙwabta ne, abincinsu ɗaya, harshen kasuwarsu ɗaya, amma ɗaya ta zauna ƙarƙashin Barno yawancin ƙarni na 19, ɗaya ta bi Sakkwato. A bayyana abin da kowace ta samu ga ubangidanta, da abin da ta biya. Mai amsawa ya auna nisan kowane gari daga Kukawa da Kano bisa taswira, ya kuma tuna cewa Shehu Laminu na Barno ya kawo yaƙi har cikin ƙasar Kano, Yakubu na Bauci ya mai da shi cikin 1827.